Amsa ga mai tambaya kan tsakuwa, yumɓu da yashi a ɗakin shawara

'Yar uwa kin tambaya ko ya dace ki riƙa shigo da kayan wasa, yumɓu da kalolin zane a zamanki da masu damuwa, wai kina tsoron kada manya su ce kin maida su yara. Nima haka na ji da farko, na daɗe da kwandon tsakuwa a ƙarƙashin tebur ina jin nauyin fito da shi.

Wani magidanci ne ya sa na fito da shi, zama uku muka yi ba abin da ke fita bakinsa sai "lafiya lau", ranar na huɗu na zube masa tsakuwoyin na ce ya zaɓi ɗaya ta zama shi, sauran kuma mutanen gidansu, ya jera yadda yake ji. Ya ɗau mafi ƙanƙanta ya ce shi ne, sannan ya tura wata babba can bakin tebur kamar za ta faɗi. Ni kuma da rawar kai sai na ce masa ashe akwai wanda ba kwa shiri. Ya yi shiru can ya ce a'a, mahaifinsa ne, ya rasu, shi kuma ya rasa inda zai ajiye shi. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar ban ƙara fassara wa kowa abin da ya jera ko ya zana ba, tambaya kawai nake, wannan wane ne, me ya kai shi can, in za ka matsar da shi ina za ka sa shi.

Kuma abin ba sabo ba ne fa. Margaret Lowenfeld, likitar yara a Landan, tun 1929 take ajiye wa yara tiren yashi da ƙananan kayan wasa su gina duniyarsu, daga baya Dora Kalff 'yar Suwizalan ta koya wajenta ta faɗaɗa shi har ga manya. Adrian Hill kuwa mai zane ne da ya yi jinyar tarin fuka, shi ya raɗa wa warkarwa ta hanyar zane suna a 1942.

Dalilin da yake aiki a ganina, mutum na kallon hannunsa ba idonki ba, nauyin bakin sai ya ragu. Amma ki kula, yumɓu da yashi na ɓallo ciwo da sauri fiye da hira, musamman ga wanda aka taɓa ci wa zarafi, don haka kar ki fito da su saura minti biyar a tashi, ki bar lokacin da zai dawo hayyacinsa kafin ya fita. In ya ce baya so ki ƙyale shi. Wanda ya ce bai iya zane ba kar ki matsa, miƙa masa maɓallai ko tsakuwa, babu mai jin kunyar bai iya jera su ba.

Kar ki ɗau hoton aikinsa sai da izininsa, kar kuma ki rushe a gabansa, ko shi ya kwashe da hannunsa ko ki jira ya fita. Ki ajiye ruwa da tsumma kusa don yumɓu akwai ɓata kaya.