Tambaya da Amsa: Domen ɗina ya mutu, kamasho ya tsaya

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan rabinsu kan abu ɗaya ne, wato domen, sunan nan da ake bugawa a shiga shafinka, kuma yawancin masu rubutowa 'yan dillancin intanet ne, masu saka linkin kaya a shafinsu a saya a ba su la'ada. Na zaɓi shida, sauran ku yi haƙuri don tambayar ɗaya ce kuke ta juya ta.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya: "Malam don Allah ka taimaka min, ina da shafi da nake rubutu kan kayan kicin ina saka linkin Jumia, shekara biyu kenan, da shi nake ɗan rufa wa kaina asiri. Kwana goma sha biyu kenan in na buɗe sai in ga wasu tallace-tallace da ban sani ba, an ce wai ya yi esfaya. Ko barci ba na iyawa. Shikenan na rasa shi?"

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, in dai lissafinki daidai ne kwana 12 ne to insha Allah ba ki rasa komai ba, tallan da kike gani kamfanin da kika yi rajista a wurinsu ne ya ɗora shi, rubutunki yana nan a hostin, wato inda ake ajiye kayan shafi, bai je ko'ina ba. In .com ne, bayan ya ƙare akwai kwanakin alfarma da kan iya kaiwa har 45, amma kowane kamfani da nasa adadin, wasu ba sa ba da ko 30. A cikin kwanakin nan yawanci kuɗin sabuntawa na yau da kullum za ki biya. In suka wuce sai ya faɗa zangon fansa na kwana 30, a nan ne ake kuka, don sau da yawa daga dala 80 ake farawa ban da kuɗin shekarar, a canjin yanzu ya haura naira dubu ɗari. Bayan nan kwana 5 da ba wanda zai iya taɓa shi, ko ke ko kamfanin, sannan a sake shi kasuwa. Kuma kar ki dogara da wannan jerin ki ce ai da saura, domin wasu kamfanonin tun kwanakin alfarmar ba su cika ba suke kai sunan gwanjo, in wani ya taya magana ta canja. Don haka yau, ba gobe ba, ki shiga akawun ɗinki ki biya, in katinki ya ƙi ki nemi wani na gida mai katin dala ya biya miki ki tura masa naira. Bayan kin biya in bai dawo nan take ba kar ki tsorata, yakan ɗauki 'yan awoyi har zuwa kwana biyu. Sannan ki yi barcinki.

Na biyu, wani matashi daga Gombe: "Ni fa ban gane ba, na riga na sayi domen da kuɗina bara, me ya sa za a ce in sake biya? Babu inda ake sayar da na din-din-din?"

Babu. Ba saya ka yi ba haya ka kama, kamar shago a kasuwa, kuma iyakar abin da za ka iya biya gaba ɗaya a .com shekara 10 ne. Duk wanda ya ce zai sayar maka na har abada, ko dai shi ne zai riƙa sabuntawa a madadinka har ranar da ya gaji, ko kuma ya ga bagidaje. An rubuta maka shekara ɗaya ƙuru-ƙuru ranar da ka biya, ba ka karanta ba ne.

Na uku kuwa shi ne ya sa na ajiye shayin da nake sha. Wani Alhaji mai harkar wayoyi a Kano ya rubuto cewa wani yaro ne ya gina masa shafi shekara uku da suka wuce, yana samun kamasho da linkin Amazon da na wasu, kowace shekara yana tura wa yaron kuɗin sabuntawa, bana ma ya tura amma shafi ya mutu, yaron ba ya ɗaga waya, an ce ya bar gari. Ya je wurin kamfanin da aka yi rajistar domen ɗin sun ce ba su san shi ba. Yana tambaya ko ya kai ƙara.

Alhaji ranka ya daɗe, zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Kamfanin ba ƙarya suka yi ba, ba su san ka ba, domin a takarda domen ɗin na yaron ne, sunansa ne a kai, imel ɗinsa ne a kai, kai kuwa shekara uku kana biya wa wani haya. Abin da za ka iya yanzu: ka sa a duba maka sunan a WHOIS, wato wurin duba bayanan rajistar domen a intanet, nan za a ga ranar ƙarewa da kamfanin da ke riƙe da shi da matakin da yake ciki, in an ga redemptionPeriod, wato zangon fansa, to agogo na tafiya. Ka tattara rasit ɗin turan kuɗi da hirarku ta WhatsApp da takardar CAC in sunan kasuwancinka ne a kai, ka tura wa kamfanin, wasu sukan saurara wasu ba sa yi. Amma hanya mafi sauri ita ce ta gida, a nemo iyayen yaron ko yayyensa ko wanda ya haɗa ku, a lallaɓa shi ya ba da kalmar sirri da lambar da ake mayar da domen zuwa wani kamfani da ita. Kotu za ta ci wata da watanni, domen kuwa kwanaki gare shi. Ka fara ceto sunan tukuna, faɗa ya biyo baya.

To tunda an taɓo nan bari in yi magana, don wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutanenmu wallahi in fili za su saya ba sa yarda a rubuta sunan dillali a takarda, ko babur ne sai an duba rasit an juya shi gaba da baya, amma da an ce intanet sai a miƙa wuya a ce "kai ka san kan abin, yi kawai". Yaro ya buɗe da imel ɗinsa, ya sa lambar wayarsa, wani ma da katin abokinsa ya biya, kai ba ka taɓa ganin cikin akawun ɗin ba ko sau ɗaya. Ba ina cewa duk masu gina shafi ɓarayi ba ne, da yawansu 'ya'yan kirki ne, amma ɗan kirki ma yana tafiya bautar ƙasa, yana yar da waya, yana canja sana'a, yana mutuwa. Mai gina shafi ba ya buƙatar mallakar domen ɗinka kafin ya yi aikinsa, kai za ka buɗe akawun da sunanka, minti goma ne, sannan ya saita maka abin da zai saita.

Kuma masu cewa ba a sanar da su ba, yawanci an sanar. Dokar ICANN, hukumar da ke kula da waɗannan sunaye, ta wajabta wa kamfanoni su tura tunatarwa kamar wata guda kafin ranar, su sake turawa saura kamar mako guda, sannan su ƙara ɗaya cikin kwana 5 bayan ya ƙare. Ina saƙonnin suke zuwa? Imel ɗin da ka buɗe a shagon intanet a 2014 ka manta kalmar sirrinsa. Na taɓa zama da wani a shagonsa a Farm Centre yana ta rantsuwa ba a turo masa komai ba, na karɓi wayar na shiga wurin da saƙonnin banza ke taruwa, ga su nan reras guda uku a tsakanin tallan rance da na maganin ƙarfi, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ya kalle ni na kalle shi, sai ya ce a kawo mana lemo.

Ni kaina ban tsira ba, kar ku ɗauka waliyyi ne ke magana. Na kunna sabuntawa ta otomatik na miƙe ƙafa, ashe katin da na sa ya daina aiki a waje, lokacin nan na 2022 da bankuna suka rage kashe kuɗin waje da katin naira zuwa dala 20 a wata wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Otomatik ya gwada ya gwada kati ya ƙi, ni kuma ina can ina harkokina, wani mai karatu ne ya kira ni ya ce Malam shafinka fa ya koma tallan inshora. Allah ya taimake ni kwana huɗu ne kawai. Tun daga ranar shekara uku-uku nake biya kuma na rubuta ranar a bangon littafin da nake lissafin cefane.

Abin haushin shi ne kuɗin ba wani kuɗi ba ne. Abin da Verisign, masu riƙe da .com, ke karɓa daga kamfanoni ya koma dala 10.26 a shekara a Satumban 2024, kamfanin ya ɗora ribarsa a kai. Na sani naira ta faɗi, wanda ya biya a farkon 2023 ya zo sabuntawa a 2024 da dala ta haura 1,500 dole ya ji a jikinsa. Amma mutumin da ke ƙona datar dubbai a TikTok kowane mako, ya yi anko uku a wata, ya canja waya don kawai sabuwa ta fito, shi ne zai ce a bari sai an yi albashi a kan abin da ke kawo masa abinci. Haba jama'a.

Kuma ɗan dillanci asararsa ta fi ta kowa. Duk linkin da ka watsa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp da ƙarƙashin bidiyon YouTube tsawon shekaru, duk suna nuni ne zuwa sunan nan. Wanda ya ɗauke shi a gwanjo zai iya kwaso tsohon rubutunka daga Wayback Machine, rumbun da ke ajiye kwafin tsofaffin shafuka, ya mayar, ya cire lambarka ta kamasho ya sa tasa, mutanenka su ci gaba da saye shi yana karɓar alat. Wannan ma da sauƙi. In imel ɗin da ka yi rajistar shirin dillancin da shi a kan domen ɗin yake, sabon mai shi zai iya karɓar saƙonninka, ya danna "na manta kalmar sirri", ya shiga akawun ɗinka ya canja inda ake tura kuɗi. Ko ya cika shafin da caca ko batsa da sunan da jama'a suka san ka da shi. Ya faru da kamfanin Heinz a Jamus a 2015, wani ya haska lambar QR ta jikin kwalbar tumatirinsu sai ga shi a shafin batsa, saboda sun bar domen ɗin wata tsohuwar gasa ya ƙare. Microsoft ma sun manta da passport.com a Disamban 1999, imel ɗinsu na Hotmail ya rikice, wani bawan Allah ne daga waje ya biya musu dala 35. Su suna da lauyoyi da kuɗin gyara ɓarna, kai me gare ka? Don haka imel ɗin rajista ya zama Gmail ko makamancinsa wanda kake buɗewa kullum, kar ya zama na kan domen ɗin, in ba haka ba ranar da ya mutu saƙon gargaɗin ma tare za su mutu.

Na huce. Ta huɗu daga wata ɗaliba a Maraɗi: an turo mata imel wai domen ɗinta zai ƙare cikin awa 24, ta danna nan ta biya, amma sunan kamfanin ba wanda ta sani ba ne.

Madalla da kika tambaya kafin ki danna, ƙanwata. Kar ki taɓa shi. Tsohuwar damfara ce, wasu katinki suke so, wasu kuma so suke ki sa hannu su janye domen ɗin zuwa wurinsu a farashi mai tsada. Ki buga adireshin kamfaninki da hannunki, ki shiga, ki duba ranar da idonki.

Na biyar yana so ya sayi tsohon domen da ya ƙare a gwanjo, wai an ce masa Google zai ɗaga shi da wuri tunda yana da tsofaffin linki.

Wanda ya ce maka haka kwas yake sayarwa ko? Wani lokaci yana aiki, amma kai da ko shafi ɗaya ba ka taɓa riƙewa shekara ba, ba nan za ka fara ba. Sunaye da yawa an yar da su ne saboda sun ƙone, an yi spam da su ko Facebook ya toshe su, ka saya ka zo saka linki a ce ba a yarda ba. Google ma a Maris 2024 ya fito ƙarara ya sa sayen tsohon domen don yaudarar sakamakon bincike cikin laifukan da yake hukuntawa. In ka nace, ka duba tarihinsa a Wayback Machine shekara bayan shekara, kuma ka tabbatar babu sunan kamfanin wani a ciki. Haka masu rububin .xyz da .online na dala ɗaya ko biyu, ku duba kuɗin shekara ta biyu kafin ku biya ta farko, araha ba ta ado. Masu na kyauta kuwa irin su .tk da .ml ai kun ga yadda Freenom ta ƙare, ta daina rajista a 2023. In dala ce matsalarka ga .com.ng nan a ƙarƙashin NiRA, masu kula da sunayen .ng na Najeriya, da naira ake biya ta kamfanonin gida, sai dai ƙa'idojin ƙarewarsa nasu ne daban, ka tambaya tun ranar farko.

Na ƙarshe daga Kumasi, shi nasa domen lafiya lau, na kamfanin da yake yi wa dillanci ne ya mutu, duk linkinsa sun daina aiki, kuma yana bin su kamashon wata biyu.

Ɗan'uwa ka cire linkin yau ɗin nan, kar ka tura mutanenka inda ba ka san wa zai karɓe su gobe ba. Ka ɗauki hoton duk wata shaidar abin da kake bin su, ka neme su ta wata hanyar, ka ba su mako guda. In mantuwa ce za su gyara cikin kwana biyu su ba da haƙuri. In mako ya wuce shiru, kamfanin da ya kasa biyan dala goma sha wani abu don ƙofar shagonsa ta zauna a buɗe, ban ga inda zai samo kamashonka na wata biyu ba. Nan gaba kuma da kuɗinka ya kai adadin cirewa ka cire, ka daina tara shi a hannunsu kamar adashi.