Ziyarar gonar gahawa a Kosta Rika: me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Kosta Rika a watan Janairu, kuma ina so in ware yini guda in ziyarci gonar gahawa da 'ya'yan itatuwa. Sai dai duk gonar da na duba a intanet cewa take ba ta cutar da muhalli. Yaya zan gane ta gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka dace da lokaci. A yankunan tsaunuka irin su Tarrazu, tsinkar gahawa kan kankama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda haka za ka tarar da aiki na ci.

Da shigarka gonar, fara ɗaga kai sama. Gahawar Arabika, wadda ita aka fi nomawa a ƙasar, asalinta daga dazuzzukan Habasha ne, inda take girma ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Manomin da ke kula da ƙasarsa yakan haɗa ta da ayaba, fiya, lemo da wata bishiya da suke kira guaba, wadda ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Inuwar na rage zafi, saiwoyi na riƙe ƙasa a gangare lokacin damina, tsuntsaye kuma na cinye ƙwarin da ke huda 'ya'yan gahawa. Sannan ka sunkuya ka tone da yatsa. Idan ka ji danshi ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ƙasar baƙa tana ƙamshi, gonar na da rai. Idan kuwa tsakanin layuka fayau yake kamar an share, ka tambayi abin da suke fesawa.

Abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne wurin wankin gahawa, kuma ba kowane ɗan rakiya ne ke son kai baƙo can ba. Ɗan gahawa ja ne idan ya nuna, a cikinsa akwai ƙwaya biyu lulluɓe da yauƙi mai zaƙi. Matsa ɗaya a tafin hannunka ka lasa. Sai an tara kusan kilo 5 zuwa 6 na waɗannan 'ya'ya kafin a samu kilo 1 na busasshiyar ƙwaya. Akasarin ragowar ɓawo ne, yauƙi da ruwa. Idan aka saki ruwan wankin cikin rafi, yakan ruɓe ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Ka tambayi masu gonar kai tsaye: ina ruwan nan ke zuwa, ina ɓawon? Mai gaskiya zai nuna maka ramin tace ruwa da tulin takin da yake mayarwa gindin ayaba. Wasu ma suna shanya ƙwayar da yauƙinta don rage ruwan da ake kashewa.

Kada ka manta da masu tsinka. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Nikaraguwa, ko 'yan ƙabilar Ngabe daga Panama, kuma da mudun da ake kira kahuwela ake biyan su, wanda ke ɗaukar kimanin kilo 13. Tambayi nawa ake ba su, ina suke kwana, wa ke kula da yaransu. Tambarin ƙungiyoyin da ke tantance gonaki, kamar mai hoton kwaɗo na Rainforest Alliance ko tambarin Fairtrade, yana da amfani, amma ƙananan manoma da yawa ba su da kuɗin neman sa alhali aikinsu na da kyau.

Je ka da safe, da takalmi mai rufi da rigar ruwa, ka nemi izini kafin ɗaukar hoton ma'aikata. Sayi gasasshiyar gahawa a wurin manomin. Ɗanyen 'ya'yan itace da iri kuwa ka ci a can ka bari, domin ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da su saboda cututtukan shuka.