Filin Tambaya da Amsa: Kakanmu ya yi aikin jirgin ruwa, ina za mu samo labarinsa?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa daga Jos da kewaye suke, kuma duk a kan iyaye da kakannin da suka gangara kudu suka kama aiki a jiragen ruwa na 'yan kasuwa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya, daga Gangare: Assalamu alaikum. An ce kakanmu na wajen uba ya bar Jos yana saurayi ya tafi Ikko, ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa har Ingila, daga baya ya dawo gida ya rasu. Ba mu da komai nasa sai suna da hoto guda. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Malam, daga cikin gida za ka fara, kuma abin da za ka nema shi ne sunan jirgi da shekara. Yawancin takardun ma'aikatan jiragen kasuwanci ba da sunan mutum aka jera su ba, da jirgi aka jera su, tafiya bayan tafiya. Wanda ya riƙe sunan jirgi ɗaya da shekara ɗaya ya fi kusa da biyan buƙata a kan wanda ya haddace salsalar gidansu kaf.

Ka zauna da tsofaffin gidan, musamman gwaggonni, domin su ne suka sha hirarsa. Ka nemi izininsu ka naɗi maganar a waya. In ka ce "wace shekara ya tafi?" shiru za ka ji. Ka ɗaura tambayar a jikin abin da ba a mantawa: kafin Yaƙin Hitila ne ko bayansa? Da Sarauniyar Ingila ta zo Jos a 1956 yana gida? Da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973 ya riga ya dawo? Ka kuma tambayi aikinsa a cikin jirgin. 'Yan Afirka sun fi yawa a ɗakin inji, masu zuba kwal a wuta da masu shafa wa inji mai, sai kuma kuku da masu wanki da masu hidimar fasinja.

Hoton nan kuwa ka dube shi da kyau, gaba da baya. In a kan jirgi aka ɗauka, nemi farar tayar ceto da ake ratayewa a jikin dogarin ƙarfe, domin a kanta ake rubuta sunan jirgi da tashar da aka yi masa rajista. In bututun hayaƙi ya fito da hoton bishiyar kwakwar manja, jirgin kamfanin Palm Line ne. A bayan hoton kuma sau da yawa akwai hatimin mai hoto da sunan garinsa. Kamfanin da ya fi kowa ɗaukar 'yan Najeriya shi ne Elder Dempster na Liverpool, mai jiragen fasinja Accra da Apapa da Aureol. Da farko mutanen Kru na Laberiya da Saliyo ya fi ɗauka, sai a lokacin yaƙin duniya na biyu ya koma ɗiban ma'aikata sosai a Legas.

Abu ɗaya da ke ɓatar da mutane: in garuruwan da tsofaffi ke ambato su ne Lokoja da Baro da Burutu da Yola, to a kogin Kwara da Binuwai ya yi aiki, a jiragen kamfanin UAC ko na John Holt, kuma ba za a same shi a rajistar ma'aikatan teku ba. Takardun UAC suna ma'adanar kamfanin Unilever a Port Sunlight, kusa da Liverpool.

Tambaya, daga Bukuru: Muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu sai na tsinci wani ɗan littafi mai tauri a ƙasan adakarsa, da hotonsa da hatimai da yawa. A bangon an rubuta Continuous Certificate of Discharge. Yana da amfani?

Amsa: Hajiya, kin tsinci abin da wasu ke shekara suna nema. Wannan shi ne littafin sallama na ma'aikacin jirgi, kuma tarihin aikinsa ne gaba ɗaya. Kafin komai, kada ki kai shi a liƙe da leda mai zafi, kada ki sa masa salatif. Zafin yana ƙona tawada, gam ɗin kuma yana cin takarda. Ki buɗe shi a inuwa da rana, ki ɗauki hoton kowane shafi da waya har da waɗanda ba a rubuta komai ba, sannan ki naɗe shi a farar takarda ki ajiye inda gara da danshin damina ba sa kaiwa.

A shafukan farko akwai lambar littafin, wadda ita ce lambar mutumin a duk tsawon aikinsa. A na Birtaniya sau da yawa tana farawa da harafin R. Kowane layi na ciki kuma tafiya ɗaya ce: sunan jirgi da lambarsa ta hukuma, rana da tashar da aka ɗauke shi, rana da tashar da aka sallame shi, muƙaminsa, sai shaidar kyaftin a kan iya aiki da hali. VG na nufin ya yi kyau ƙwarai. DR na nufin kyaftin ya ƙi ba da shaida, kuma wannan tabo ne da kan hana mutum samun jirgi na gaba. In kin ga dogon giɓi bayan DR, ga dalilin nan.

Lambar jirgi ta hukuma ita ce za ki riƙe, domin ana canza wa jirgi suna, ana kuma maimaita suna. Elder Dempster ya yi Apapa fiye da ɗaya, amma lamba ba ta maimaituwa. In hatimin ya goge, shafin intanet na Crew List Index Project zai ba ki lambar kyauta in kin sa sunan jirgin.

Da lambar za ki nemi yarjejeniyar ma'aikata ta wannan tafiya, wato takardar da kowa ya sa wa hannu ko ya dangwala yatsa. A nan ake buƙatar natsuwa, domin Birtaniya ta rarraba takardun. Na 1863 zuwa 1938 da na 1951 zuwa 1976, mafi yawansu suna ma'adanar Maritime History Archive a Jami'ar Memorial da ke St. John's a Kanada. Na shekarun da suka ƙare da 5, kamar 1935 da 1955 da 1965, mafi yawansu suna gidan tarihin teku na Greenwich a Landan, kuma na 1915 an sa su a intanet kyauta. Na shekarun yaƙi da kaɗan bayansa, daga 1939 har zuwa 1950, da samfurin kashi 10 na sauran shekaru, suna ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya a Kew, a Landan. Ki lura, da shekarar da tafiya ta ƙare ake ajiye takarda. Jirgin da ya tashi a Disambar 1954 ya dawo a Fabrairun 1955, a 1955 za a neme shi. Mutane da yawa suna biyan kuɗin bincike a shekarar tashi a ce musu babu.

Ana biyan kuɗin kwafi, saboda haka ki fara da tafiya ɗaya, wadda ta fi tsufa a littafin. A cikin yarjejeniyar akwai shekarunsa, garin haihuwa, adireshi, albashi, da kuma wani gurbi da muke ganin ya fi duka daraja: sunan jirgin da ya yi wa aiki kafin wannan. Da shi ake komawa baya, jirgi bayan jirgi, har a kai inda aka rubuta cewa wannan ne jirginsa na farko.

Tambaya, daga Unguwar Rogo: Na sa sunan kakana a shafukan binciken zuri'a ban ga komai ba. Ko labarin ƙarya ne?

Amsa: Kada ka yi saurin ƙaryata iyayenka, ɗan'uwa. Akawun da ya rubuta sunan da kunne ya rubuta. Muhammadu kan koma Momo ko Momodu ko Mama, Ibrahim ya koma Brimah ko Braimah, Garba ya koma Garuba, Abdu ya koma Abudu. A gurbin sunan uba kuma sau da yawa sunan gari ake sawa, Kano ko Zariya ko Bauchi, ko a rubuta Hausa ko Housa kawai. Garin haihuwa ma akan sa Legas don a can aka ɗauke shi, shekarar haihuwa kuwa kintace ce, ka ba ta rata ta shekara biyar gaba da baya.

Sai batun inda ya sa hannu. Wanda aka ɗauka a Liverpool ko Cardiff ya fi yiwuwa ya shiga babbar rajistar Birtaniya. Katunan 1918 zuwa 1941 suna Southampton, ana ganin su a shafin Findmypast da kuɗi, kuma na 1918 zuwa 1921 har da hoton mutum. Na 1941 zuwa 1972 suna Kew a rukunin BT 382, amma ba a neman su da suna ta intanet, sai an aika buƙata. Rukunin BT 372, ambulan ɗin takardun kowane ma'aikaci, shi ana iya neman suna a kundin Kew kyauta, sai dai an lalata da yawa tun kafin a kai su can. Wanda kuwa aka ɗauka a Legas aka sallame shi a Legas, sau da yawa ba ya cikin wannan rajista ko kaɗan. Rashin ganinsa a can ba hujja ba ce.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa. Jiragen Elder Dempster suna zuwa Amurka, kuma hukumar shige da fice ta can tana karɓar jerin sunayen ma'aikatan kowane jirgin da ya shiga New York. Waɗannan an jera su da sunan mutum, kuma ana duba su kyauta a shafin FamilySearch. Ka kuma sani cewa a dokar Turawa haifaffen Arewa ɗan ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya ne, matsayinsa daban da na haifaffen Legas. Bayan dokar 1925 da ta tilasta wa baƙaƙen ma'aikatan jirgi marasa shaidar ƙasa yin rajista da 'yan sandan Ingila, irin waɗannan mutane sun sha wahalar tabbatar da ko su wane ne. Wannan na cikin abin da ya sa wasu suka riƙa cewa a Legas aka haife su.

Tambaya, daga Titin Bauchi: Ƙanen kakarmu ya tafi lokacin yaƙi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kakarmu har ta rasu tana cigiyarsa.

Amsa: Allah ya jiƙan su duka. Malama, ki fara da shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan waɗanda suka rasu a yaƙi, kyauta ne, ki gwada duk rubutun sunan da muka ambata a sama. Dutsen tunawa na Tower Hill a Landan yana ɗauke da sunayen ma'aikatan jiragen kasuwanci kusan 24,000 na yaƙi na biyu da ba su da kabari sai teku, an jera su jirgi-jirgi. Jiragen hanyar Afirka ta Yamma sun sha wuta: an nutsar da Accra da Apapa na wancan zamani a 1940, sai Abosso ranar 29 ga Oktoba 1942, inda mutum 362 suka halaka. Rajistar waɗanda suka rasu a teku tana Kew a rukunin BT 334. In ba ya cikin waɗannan, ki sa a ranki cewa wataƙila sauka ya yi a Ingila ya zauna, kamar yadda 'yan Afirka ta Yamma da dama suka yi a Liverpool da Cardiff. Daga nan sai a koma rajistar aure da ta mutuwa ta Ingila, wadda ita ma da suna ake nema.

Tambaya, daga Rikkos: Mahaifina a kamfanin jiragen ruwa na Najeriya ya yi aiki. Ni ma Ingila zan rubuta wa?

Amsa: A'a, Alhaji, naka a gida yake. An kafa Nigerian National Shipping Line a 1959, aka rushe shi a 1995, kuma jiragensa irin su Dan Fodio da El Kanemi da Ahmadu Bello da King Jaja tutar Najeriya suka ɗaga bayan 'yancin kai. Ka nemi littafin sallamarsa da takardun fansho a gida, ka nemi abokan aikinsa da ke raye ta hannun ƙungiyar ma'aikatan tashoshin ruwa a Apapa, sannan ka je reshen Ibadan na ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, inda fayilolin Legas da tsofaffin jaridu irin su Daily Times da West African Pilot suke. Reshen Kaduna ya fi kusa da kai, amma fayilolin lardunan Arewa ne a can. In mahaifin naka ya fara aiki kafin 1959, ka tambayi ko daga Elder Dempster ko Palm Line ya koma, domin su biyun suna da hannun jari a kamfanin har 1961, kuma wannan kashi na farko na aikinsa shi ne za a nema a Kanada ko Greenwich ko Kew.