Tambaya da Amsa: Aikatau a Harshen Esperanto

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na fara koyon Esperanto a intanet saboda an ce aikatau ɗinsa ba wuya. To me ya sa kullum ake gyara mini idan na rubuta "mi bolas la akvon", ina nufin ina tafasa ruwa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, gaskiya aka faɗa miki, amma ba a ƙarasa ba. Zamenhof, likitan idon da ya fitar da harshen a birnin Warsaw a 1887, ɗafa-ƙeya shida kacal ya yi wa aikatau. Ɗauki saiwar skrib-: skribi rubutawa, mi skribas ina rubutawa, mi skribis na rubuta, mi skribos zan rubuta, mi skribus da na rubuta, skribu rubuta! A Hausa wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci (na, ina, zan). A Esperanto wakilin suna ba ya motsi, ƙeyar aikatau ce ke sauyawa, kuma babu aikatau ko ɗaya da ya kauce wa wannan tsari.

Matsalarki a wani wuri take. Kowane aikatau ko dai so-karɓau ne (mai ɗaukar abin da aikin ya faɗa wa) ko ƙi-karɓau (wanda ba ya ɗauka), kuma ba a gane hakan daga siffarsa, sai an haddace. Boli ƙi-karɓau ne: la akvo bolas, ruwa yana tafasa. In ke ce mai aikin, sai ki cusa -ig- tsakanin saiwa da ɗafa-ƙeya: mi boligas la akvon. Rubutun boko ne ya ruɗe ki, domin "ruwa ya tafasa" da "ta tafasa ruwa" iri ɗaya muke rubuta su, karin sauti ne ya bambanta su a baki. Ki tuna fita da fitar da; aikin -ig- ke nan.

Kishiyarsa -iĝ- ce, ana furta ta "ij". Fermi so-karɓau ne, saboda haka mi fermis la pordon na rufe ƙofa, la pordo fermiĝis ƙofa ta rufu. Kada ki yi wasa da 'yar hular nan ta kan ĝ: sidiĝi zama ne, sidigi kuwa zaunar da wani. Shawarata, duk sabon aikatau ki haddace shi cikin jimla, ki kuma duba ƙamus, za ki ga tr a gefen so-karɓau, ntr a gefen ƙi-karɓau.

Tambaya: Malam, -u na umarni ne kawai?

Amsa: A'a. Yana zuwa bayan so, roƙo ko buƙata: mi volas, ke vi venu, ina so ka zo. Bahaushe bai cika kuskure a nan ba, tunda ba ma cewa "ina so za ka zo". Haka ma maganar da aka ruwaito tana riƙe lokacinta na asali: li diris, ke li venos, ya ce zai zo. Masu bi ta Turanci ne ke sa venus a wurin, alhali -us na sharaɗi ne.