Idan zomo ya ƙware yana cin abinci

Tambaya daga wata mai kiwo a Aboabo, Kumasi: "Na zuba wa zomon yarana dusa da safe. Yana cikin ci sai ya miƙe wuya yana buɗe baki, dusar na fitowa ta hanci. Maƙwabciyata ta ce in ɗura masa ruwa. Ko daidai ne?"

Hajiya, don Allah kada ki ɗura masa komai, ko ruwa ko manja, domin huhu zai wuce. Zomo ta hanci kawai yake numfashi, kuma ba ya iya amai. Duk zomon da ya buɗe baki yana neman iska, ransa na cikin haɗari. Ɗaga leɓensa ki duba dasashi, in ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, iska ba ta isarsa.

Ki kwantar da shi a kan damtsenki, tafin hannu ya tallafi kai da wuya, ɗaya hannun ya dafe baya. Sunkuyar da kansa ƙasa da jikinsa, ki bubbuga tsakanin kafaɗunsa a hankali. Goge hancin da tsumma mai tsabta, ko ki zuƙe majinar da sirinji marar allura. Wasu kan wujijjiga shi ta ƙafafun baya. Ni ban yarda da wannan ba, kashin bayan zomo ba shi da ƙwari, shure-shure ɗaya kan karya shi.

Ko ya farfaɗo ya koma cin ciyawa, ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Ɓurɓushin da ya faɗa huhu kan zama ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu. Kada kuma ki sayo amoxicillin a kemis ki ba shi ta baki, yana lalata hanjin zomo har ya kashe shi. A duba masa haƙora ma, don haƙorin zomo ba ya daina tsiro, in ya karkace ba zai tauna abinci sosai ba.

Yawanci yunwa ce ke jawo haka: ya kwana keji ba komai, da safe ya afka wa busasshiyar dusa. Ki bar masa ciyawa ko harawar gyaɗa dare da rana. Dusar kuwa a yayyafa mata ruwa kaɗan, a baza a faffaɗan faranti, a kwashe ragowar kafin ta yi tsami.