Ina ungulayen mahauta suka tafi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ba a ganin ungulu a mahauta kamar da, kuma ko rashinta ya shafe mu. Ya shafe mu ƙwarai.

Fara duba haihuwarta. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya ɗauki shekaru kafin ya fara nasa. Jan-baki ko an hallaka dubbai, damina ɗaya ta ishe su su cike gurbi. Ita kuwa in manyan suka mutu, babu mai maye gurbinsu da wuri. A wajenmu, gubar da ake sa wa mushe, da masu sayen kanta don asiri, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, su suka taru a kanta. A 2015 aka saka ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Indiya ta riga mu ɗanɗana kuɗarta. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu. In ungulu ta ci mushen, sai ƙodarta ta lalace. An hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan mushe ya zama rabon karnuka. Suka yi yawa, cutar haukan kare ta ƙaru. Mu da muke mata kallon ƙazama, ashe shara take mana kyauta, cikinta ma yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushen.