Gudu ne ke cinye injin babur, ko yadda ake tuƙa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar acaɓa a Azare da Boxer ɗan 100. Yayana ya ce mini gudu ne ke kashe inji, saboda haka ba na tsananta gudu, kuma da na tashi nake sa giya ta huɗu don in lallaɓa shi, in rage shan mai. Duk da haka bai shekara biyu ba ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Abokina da ya fi ni gudu nasa lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Inji bai san gudun da taya ke yi ba. Abin da ya dame shi shi ne saurin juyawarsa, da nauyin da aka ɗora masa, da kuma ko akwai baƙin mai tsakanin ƙarfe da ƙarfe a lokacin.

Irin injinka yana kai ƙarshen ƙarfinsa ne a wajen juyi 7,500 a minti ɗaya, wato fistan na hawa ya sauka sau 125 a daƙiƙa guda. In ka ninka saurin juyin sau biyu, fizgar da fistan ke yi wa sandarsa takan ninka sau huɗu. Don haka wanda ya murɗe totur har ƙarshe daga Azare zuwa Potiskum ba sassautawa, a zafin watan Afrilu, lallai yana rage wa injinsa kwana. A nan yayanka ya yi daidai.

Sai dai ni abin da na fi zargi a zancenka shi ne giya ta huɗun nan. Ka ɗauko mutum biyu ko buhun masara, babur na tafiya a hankali, kana giya ta huɗu, ka murɗa totur. Za ka ji injin na gurnani, babur na kakkarwa, sarƙa na fizga, wani lokaci ma ka ji ƙara "ƙas-ƙas" daga kan inji. Ka tuna hawan tudu a kan keke da kaya a baya: ƙafa na juyawa a hankali, amma gwiwa ce ke shan wahala. A daidai wannan lokacin wutar da ke tashi a kan fistan tana dukansa da ƙarfi, ringi na matse jikin bulok, famfon baƙin mai kuma, da yake injin ne ke juya shi, kaɗan yake turowa. Nauyi ya yi yawa, mai ya yi ƙaranci, ga iskar da ke sanyaya injin ba ta kaɗawa sosai tun da ba gudu kake yi ba. Abokinka da ke barin kowace giya ta buɗe kafin ya canza, wataƙila ya fi ka tausaya wa injinsa. Man fetur ɗin da kake ganin ka rage, a wurin bakanike za ka biya shi.

Maganin wannan a kunnenka yake. In ka ƙara totur babur bai amsa nan take ba, sauko da giya ɗaya. In injin ya koma kururuwa, ƙara giya. Tsakanin nan ne wurin zamansa.

Sai batun safiya. Babur ya kwana, baƙin mai ya gangara ƙasa, a hunturu ma ya yi kauri. Yana ba ni takaici in ga matashi ya buga kik ya hau murza totur wai yana ɗumama inji, alhali mai bai kai kan bawul ba tukuna. Ka bar shi a silo kamar minti ɗaya, sannan ka tafi sannu-sannu har ya ɗau zafi. Haka murza totur a tsaye a cunkoso ko a bakin tasha zafi kawai yake tarawa, don wannan inji ba shi da lagireto.

Baƙin man kansa kusan lita ɗaya ne kacal, kuma shi ke hidimar inji da giya da kulochi gaba ɗaya. Ka duba shi kowace safiya, ka yi juye kafin lokacin da littafin babur ya ɗiba ya cika, tun da kai kullum kana hanya. Ka nemi wanda aka rubuta wa 4T da JASO MA a jikin robarsa, don wasu man mota kan sa kulochi santsi. Kada ka yarda da na awo a kwalba. Matatar iska kuma kada ka bari a cire ta wai don babur ya ƙara wuta: ƙurar hunturu in ta shiga, gurzar ringi da bulok take yi.

Yanzu ka lura da hayaƙin. In baƙi ne, fetur ne ya yi yawa, a duba kafireto da matatar iska. In mai shuɗi-shuɗi ne kuma da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, galibi robar bawul ce ta saki, gyaranta ba tsada. In kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka murɗa totur, ringi ne, kuma a auna bulok kafin a sa sabo, don sabon ringi a bulok da ya cinye ba ya daɗewa. Bayan gyaran ka ɗauke shi kamar sabon babur: kilomita 1,000 na farko ba lodi mai nauyi, ba murɗe totur har ƙarshe, kana yawan canza giya, sannan ka yi juye da wuri a wajen kilomita 500.